Ranar da Taubashina Ya Kasa Sauka Daga Keke

Ni da shi taubasai ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka tun muna yara babu mai raga wa wani. Ni na ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne bawansa, har muka yi furfura ba a raba wannan gardama ba. Ya yi aikin gwamnati a Gusau har ya kai babban matsayi, ni kuma na ƙare a aji da alli a hannu, amma ko sau ɗaya wannan bai hana ni gaya masa cewa kansa ya yi wa hularsa girma ba.

Shekarar da matarsa ta rasu ne bakina ya mutu. Mutumin da ko gaisuwa ba ya amsa mini sai ya haɗa da tsiya, sai ga shi in na je gidansa a Tudun Wada ya miƙo mini hannu kamar baƙo, ya koma ya zauna yana kallon bango. Yaransa manya sun watse, daga mai aure sai mai aiki a wani gari. Na yi tsokana har na gaji, bai tanka ba. Na ji tsoro ƙwarai, don na san mazan da zaman shiru irin wannan ya kai kushewa. Ana haka likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, sukari ma ya leƙo, dole ya riƙa motsa jiki. Ni na ja shi cikin 'yan keke.

A lokacin akwai wasu mutane da ke haɗuwa duk Asabar bayan sallar asuba a shataletalen Lalan, yawancinsu ma'aikata da 'yan kasuwa masu tumbi waɗanda likitoci suka tsorata. Wata Asabar a nufi Tsafe, wata a ratsa gari a bi ta Gada Biyu zuwa Bungudu, a sha shayi a juyo kafin rana ta yi zafi. Da farko kowa da abin da Allah ya hore masa yake zuwa, ba ruwan wani da keken wani. Sai wani ɗan kwangila ya je ƙasar waje ya dawo da keke siriri mai lanƙwasasshen hannu, wanda ake ɗagawa da yatsa biyu. Daga ranar zaman lafiya ya ƙare.

Kafin shekara ta zagayo mun rabu gida uku. Akwai 'yan gaba, masu sababbin kekunan waje, da hular kwano da baƙin tabarau da wando mai ɗame jiki. Akwai 'yan Kwatano, waɗanda kekunansu na waje ne amma wani Bature ya riga ya cinye musu ƙuruciya. Sai mu 'yan kasuwa, da muka shiga Tsohuwar Kasuwa muka nuna wanda ke rataye aka sauko mana da shi. In sabon mutum ya zo, kafin a tambaye shi sunan ubansa sai wani daga cikin 'yan gaba ya matso ya kama kekensa ta ƙarƙashin sirdi ya ɗaga. In ya tashi sama cak, sai a yi masa murmushi a ce ya shigo gaba. In kuwa mai ɗagawa ya yi nishi, sai ya ajiye a hankali ya kakkaɓe hannu ya ce, "Allah ya ba da lada." A wurin mai shayi ma ba sa jingina kekunansu kusa da namu, wai kada tsatsa ta yi naso.

Taubashina ya fara da aron keken maƙwabcinsa. Ranar farko aka ɗaga, aka yi nishi, aka yi masa addu'ar lada. Na ga fuskarsa ta canja, kuma wallahi na ji daɗi, don rabon da in ga wani abu ya ɓata masa rai tun kafin rasuwar. Ba a yi nisa ba sai ga shi da keke ja wur wanda ɗansa ya turo masa daga Abuja. Ban tambayi kuɗinsa ba, na san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, amma an ce zai sayi sabon babur har a yi canji. Ɗan kwangilar nan da kansa ya ɗaga shi, ya jinjina, ya ce ya shigo gaba. Daga ranar taubashina ya zama sarkin 'yan gaba, kuma bakinsa ya dawo da ƙarfinsa har ya fi na da.

Nawa keken kore ne, mai kariyar ɗaukar kaya a baya da ƙararrawa da kwando a gaba, kuma sarƙarsa na da ɗabi'ar zamewa a duk inda mata suka taru. Da shi nake zuwa makaranta, da shi nake ɗauko buhun masara daga injin niƙa. Taubashina ya raɗa masa suna Amalanke. In mun taso sai ya rage gudu ya jero da ni, ya dube ni sama da ƙasa ta cikin tabarau.

"Bawa, wanga abu da kaka turawa, gado na ko ƙyaure?"

"Keke na," in ce masa. "Naka fa? Ba kariya, ba ƙararrawa, ba abin tare taɓo, ko ƙarfen kafe shi babu. Kai kaɗai na sani wanda ya biya kuɗi don a kwashe mai kaya."

Sai ya yi dariya ya taka ya bar ni da ƙurar bayansa. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba, musamman a hawan da ke kusa da dutsen Kwatarkwashi, inda ni nake haki kamar zan amayar da huhu, shi kuma ya danna wani ɗan maɓalli ya haye yana fito. Amma haushin na tafe da godiya. In na hango jan keken nan yana walƙiya can gaba, sai in tuna mutumin da ke kallon bango, in ce Allah ya saka wa wanda ya ƙera shi.

Mu ma 'yan kasuwa ba mu zauna haka nan ba, muna da namu girman kan. Mun ce mu ne masu keke na gaskiya, su masu abin ado ne. Mun ce ƙarfin ƙafa ake gwadawa, ba ƙarfin aljihu ba. In tayar ɗayansu ta yi faci a hanyar Tsafe, mai faci na bakin titi ya juya ta ya juya ya ce bai taɓa ganin irin wannan bakin iska ba, sai mu tsaya a gefe mu harɗe hannu muna yi masa jaje da murya mai taushi. Wata rana a Kucheri wani manomi da ke jiran mota ya zagaya keken taubashina, ya leƙa baya, ya leƙa gaba, ya tambaye shi da zuciya ɗaya ko ɓarayi ne suka kwance masa sauran. Na yi wata guda ina cin wannan magana. Yanzu hanyar Tsafe ta fi ƙarfinmu da sassafe, kowa ya san dalili, sai dai mu yi ta zagaye cikin gari muna tuna baya.

A shekara ta biyu ne ya ga wata malamar makaranta 'yar Bungudu a wajen wani taron biki. Bazawara ce, mai natsuwa, ba yarinya ba. Suka daidaita. Ni ya fara gaya wa, a bakin gulbi muna hutawa, yana magana yana murza hannun kekensa kamar saurayi. Ya ce tun rasuwar bai taɓa jin yana son ya koma gida da yamma ba sai yanzu da yake tunanin wata rana zai tarar da ita a ciki. Ban tsokane shi ba a ranar, na bari sai washegari.

Matsalar mahaifinta ce. Tsoho ne manomi, mai faɗa a ji a unguwarsu, kuma ya sha ɗaci a hannun surukinsa na farko. Wancan mutum mai kuɗi ne, in ya zo Bungudu sai ya tsayar da mota a ƙofar gida, ya sauke gilashi rabi, ya gaida dattawa daga zaune. Yadda ya raina uban haka ya raina 'yar, har auren ya mutu. Tsohon ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa ba zai sake ba da 'yarsa ga mutumin da ke gaida manya daga kan abin hawa ba. Ita kuma ta gaya wa taubashina a fili cewa ko da shari'a ta ba ta ikon kanta, ba za ta shiga gidan da ubanta bai sa wa albarka ba. An tura manya, ina cikinsu. Tsohon ya karɓe mu da mutunci, ya saurare mu, ya ce zai duba. Aka shiga wata na biyu yana dubawa. Labari kuma ya iso mana cewa wani ya kai masa gulma, wai mai neman nan ɗan boko ne mai ji da kai, irin na farkon ne aka canja wa riga.

A cikin wannan jira ne ɗansa ya sake turo masa wani sabon salo, feda da takalmi masu haɗe da juna. A ƙarƙashin takalmin akwai wani ɗan ƙarfe, in ka taka sai ka ji ƙas, ƙafarka ta kulle a jikin feda. Ba ta fita sai ka murɗa diddige waje. Ya ce haka ƙwararru ke yi, ƙarfi ba ya zubewa. Ya gwada a falonsa yana dafe da bango, ya kulle ya buɗe, ya kulle ya buɗe, yana kallona yana jiran yabo.

"Wato yanzu kai da kanka ka sa ma kanka mari a ƙahwa," na ce. "Dama na daɗe ina faɗi bawa na kai."

"Jahilci dai ba shi da magani," ya ce.

Asabar ɗin da ta biyo Bungudu aka nufa. Damina ce, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, gero ya kai gwiwa a gonakin bakin hanya. Da muka isa wurin mai shayi, 'yan gaba suka jingina kekunansu a bangonsu, mu muka kafe namu a namu gefen. Sai taubashina ya ja ni waje ɗaya ya ce in raka shi cikin gari. Na gane nufinsa tun kafin ya ƙarasa. So yake ya bi ta ƙofar gidansu malamar, ko Allah zai sa ta leƙo ko wani yaro ya kai mata labarin jan keke. Namiji ko ya tsufa ba ya girma.

Na dube shi daga hular kwano har zuwa wandon da ya manne masa kamar fata. "Da wagga shiga za ka ƙofar surukai?"

"Baba ya tahi gona," ya ce. "Lokacin noma na, wa zai zauna gida da hantsi? Wucewa kawai za mu yi."

Da mu manoma ne da mun san ba a shiga gona da fartanya bayan ruwa irin na daren nan, sai ƙasa ta tsane. Amma ni malamin makaranta ne, shi ma'aikacin ofis. Na bi shi.

Layin gidan siriri ne, ɗan gangare, da kwata a gefe guda da katanga a ɗaya gefen. Kamar kullum ya ba ni rata mai yawa. Ina shan kwana sai na hango abin da shi ya riga ya gani. A gindin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi a kan dakali, dattawa sun cika shi, tsohon yana tsakiya da farin mayafi a kafaɗa yana jan carbi.

A wajenmu ko yaron da ya koyi keke jiya ya san abin da ake yi. In ka hango manya zaune, tun daga nesa za ka sauka, ka tura kekenka da hannu, ka jingine shi, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaishe su. Ba a wuce su a kan sirdi, ba a ɗaga musu hannu daga sama. Ni ban san lokacin da na diro ba, jikina ne ya yi da kansa. Na tsaya a bakin kwanar riƙe da Amalanke ina kallon bayan taubashina.

Na ga ƙafarsa ta dama tana fizga. Na ga ta hagu tana fizga. Duk abin da ya koya a falo ya gudu daga kansa, maimakon ya murɗa diddige sai yake ja sama da ƙarfi, fedar kuwa ta riƙe gam. Keken na gangarawa a hankali, dakalin na matsowa. Sai na lura da wani abu: babu wanda ya gane shi. Da hular kwano da baƙin tabarau da wannan shiga, ko uwar da ta haife shi sai ta duba sau biyu. Dattawan kallon baƙon abu kawai suke yi masa. In ya sunkuyar da kai ya taka sau biyu ya wuce, za su ce wani ɗan birni ne marar tarbiyya, su ci gaba da hirarsu, ni kuma in juya da baya ba wanda ya gan ni. A zuciyata na riƙa ce masa, wuce, don Allah wuce.

Sai na ga ya matse birki.

Keken ya tsaya cak a gaban dakalin. Na ɗan lokaci ya tsaya a miƙe, ƙafafu biyu a kulle, kamar abin zai yiwu. Ya ce, "Salamu alaikum," da murya mai ƙarfi. Sannan ya tafi gefe gaba ɗayansa, shi da keken, ya faɗi tim a cikin taɓo.

Dattawa suka ɗauki salati. Na yar da Amalanke na ruga. Kafin in isa ya sa hannu ya zare tabarau, ya ɗago kai daga kwance, keken na tsakanin ƙafafunsa, tayar baya na ta juyawa.

"Baba, kun kwan lahiya?"

Tsohon ya dube shi, ya gane shi, ko gezau fuskarsa ba ta yi ba. "Lahiya lau," ya ce. "Ya iyali?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Sai da suka kai gaisuwar nan har ƙarshenta, babu abin da aka tsallake, mutum na kwance cikin taɓo. Sannan tsohon ya zare mayafinsa ya jefa masa a kan cinyoyi ya kau da kai. Ni da wani dattijo muka yi ta kokawa da fedar ta ƙi saki, don ni ma ban riƙe yadda ake yi ba, shi kuma in an taɓa ƙafar hagun sai ya cije leɓe. Daga ƙarshe maɗaurin takalman muka kwance muka zaro ƙafafunsa, muka bar takalman a rataye jikin feda. Ya ja jiki ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ba takalmi, ɗaure da mayafin surukin da bai riga ya zama surukinsa ba.

"Mi yah hana ka sauka awa kowa?" in ji tsohon.

"Ƙahwata ta a ɗaure, Baba."

"Wa yaɗ ɗaure ka?"

Taubashina ya sunkuyar da kai. "Ni na ɗaure kaina."

Nan dattawan suka kasa riƙewa. Wani har da riƙe ciki yana tari. Tsohon dai bai yi dariya ba. Ya sauko daga dakali, ya kama jan keken ta ƙarƙashin sirdi ya ɗaga da hannu ɗaya, daidai yadda 'yan gaba ke yi. Ya jinjina shi, ya ƙwanƙwasa jikinsa da farce, ya taɓe baki.

"Wanga keke na, ko karan dawa na anka sa ma taya?"

Ni kuwa sai na ji wani sanyi a raina. Na je na tayar da Amalanke na turo shi gaba-gaba inda za a gan shi da kyau, da kariyarsa da kwandonsa, ina jiran a ce ga keken mutanen kirki. Tsohon ya juyo ya dube shi. Bai ko taɓa shi ba.

"Wanga kuma gwangwanin madara na," ya ce. "Irin da anka kawo cikin kwali, damina guda shi ruɓe. Gara ma na ɗan'uwanka, shi an san wauta ta. Kai ko rowa ta."

Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ashe duk girman kan da muke yi a Lalan wasan yara ne. Tsohon ya shiga zaure, sai ga shi ya turo wani baƙin keke na zamanin da, ƙirar Ingila, dogo, mai nauyi, sarƙarsa a rufe ruf cikin gidanta, an naɗe jikinsa da tsumma mai tsabta don kada fenti ya goge. Ƙararrawarsa na sheƙi, fitilarsa na sheƙi. Ya kafe shi a gabanmu ya ba mu tarihinsa tun daga kuɗin gyaɗar da ya saye shi da su yana saurayi, ya ce tun daga kansa ba a sake ƙera keke ba a duniya, sai dai kwaikwayo. Dattawan na gyaɗa kai, da gani sun sha jin wannan karatu.

Yana cikin bayani idonsa ya kai kan ƙafar taubashina. Idon sawun ya kumbura ya yi suntum. Ya katse maganarsa ya ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori a bayan kasuwa tun bai sandare ba. Na ce bari in nemo mai babur. Ya ce babur zai girgiza ƙafar. Na ce to ga kariyar Amalanke. Ya yi mini wani kallo da ya sa na janye maganar. Ya buga tafin hannunsa a kan kariyar baƙin keken ya ce wa taubashina, "Hau."

Taubashina ya roƙe shi, ya ce zai iya ɗingisawa, ya ce kunya ba za ta bar shi ba. Tsohon ya ce shi ba ya maimaita magana. Haka muka ratsa Bungudu da hantsi. Tsoho a gaba yana tura kekensa da hannu a hankali yana kauce wa ramuka, babban ma'aikacin gwamnati zaune a karkace a kan kariya, ɗaure da mayafi, ba takalmi, hular kwano a kansa don ya manta bai cire ba. Ni a baya ina jan keke biyu, takalma na reto a jikin ɗaya. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo. Ban san ko malamar ta leƙo ba, shi dai bai ɗaga kai ya duba ba.

Mai ɗori ya ja ƙafar, taubashina ya yi ƙara a gaban tsohon, aka shafa magani aka ɗaure. Tsohon ya jira har aka gama, ya yi masa sannu sau ɗaya, ya tura kekensa ya tafi. Bai ce komai game da aure ba. A bayan wata motar ɗaukar kaya muka koma Gusau, mu da kekunan.

'Yan gaba sun zo dubiya, suka yi ta jajanta ƙujewar da fentin keken ya yi. 'Yan kasuwa suka zo, suka yi ta tambayar ko takalman sun sauko. Shi dai murmushin yaƙe kawai yake yi. Da kowa ya watse ya ce mini, "Bawa, na rasa ta. Mutumin da ya gan ni cikin wanga hali, tsirara-tsirara cikin taɓo, ina ihu gaban mai ɗori, ba ya ba ni ɗiyatai." Na ce ya bar yanke hukunci. Ya juya fuska bango. Keken na jingine a tsakar gida da busasshen taɓo a jikinsa, bai ce a goge ba. Na fita daga gidan a tsorace, don na taɓa ganin wannan juya fuskar.

Matata ta wanke mayafin ta goge shi ta naɗe. Wata ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta na sa shi cikin kwandon Amalanke na kama hanyar Bungudu ni kaɗai. Tun daga bakin kwanar na sauka. Na tarar da tsohon shi kaɗai a kan dakali yana gyaran ƙotar fartanya. Na tuɓe takalmi na durƙusa, muka gaisa, na miƙa mayafin da godiya. Ya tambayi ƙafa, na ce da sauƙi. Ya ci gaba da aikinsa har na fara tunanin sallama.

"In tambaye ka," ya ce, bai ɗago ba. "Ya gane ni kahin shi kama birki?"

"Ya gane ka, Baba."

"Ya san ni ban gane shi ba?"

"Ya sani."

"Kuma ya san ƙahwatai ba ta hita."

"Ya sani, Baba. Ni kaina ina daga baya ina roƙon Allah shi wuce."

Tsohon ya ɗago ya dube ni, sannan ya dubi wurin da aka faɗi, inda har yanzu akwai ɗan gurbi a busasshiyar laka. Ya buga ƙotar a ƙasa ya gwada ƙarfinta.

"Ku turo manya ran Juma'a," ya ce. "A sa rana."

Ban san Amalanke na da gudu irin na ranar ba. Ina da waya a aljihu, amma wannan ba maganar waya ba ce, so nake in ga fuskarsa. Duk hanya ina shirya yadda zan ja masa rai, in fara da cewa tsohon ya ƙi, in bar shi ya ɗan dahu, sannan in saki. Na tsara kalmomin tsaf tun daga Bungudu har Gada Biyu.

Na same shi kwance a ɗaki, ƙafar a kan matashi. Ya juyo ya dube ni, ya ga gumi, ya ga ƙurar hanya, ya gane inda na fito. Bai tambaya ba. Idanunsa kawai ya zuba mini, kuma tsoron da na gani a cikinsu ya kwashe duk abin da na shirya.

"Ya ba ka," na ce. "Ya ce a turo manya."

Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka fara rawa, gadon na motsi. Na zauna a bakin gadon na riƙe masa ƙafar mai ciwo da hannu biyu, don kada kukan ya motsa ɗaurin, har ya gama.